Injiniyar da Ta Hana Na'urar Asibiti Tashi

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin masu yankan kati su buɗe tagoginsu, ake jin ƙarar makullanta a barandar da ke bayan ofishin ajiye fayil. Tana tafe da jaka a kafaɗa da fulas ɗin shayi a hannu. Takan gaida mai gadi, ta tambayi jikin mai ɗakinsa, ta wuce masu shara tana ɗage ƙafa kada ta ɓata inda suka goge. A ƙarshen barandar akwai ƙofar ƙarfe da ba a rubuta komai a jikinta ba. Nan ne ɗakin manyan kwamfutocin asibitin, ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, ba taga, sai gunjin fanka da 'yan fitilu masu ƙiftawa. Rigar sanyinta tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Sai ta saka ta, ta ja kujera, ta zuba shayi, sannan ta buɗe rahoton da manhaja ta rubuta a kan yadda ta tashi a wannan safiya, ta bi shi layi-layi.

Ma'aikata Injiniya suke ce mata. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan zama, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Marasa lafiya ba su san ta ba. Likitoci da dama sun zo sun tafi ba su taɓa ganin fuskarta ba. Shi ya sa ya dace a faɗi ko wace ce ita tun tana raye, tana jin abin da ake faɗa da kunnenta.

Manhajar da asibitin yake aiki da ita ba abu guda ba ce. Sassa ne aka harhaɗa: mai rajistar marasa lafiya, mai kawo sakamakon ɗakin gwaji, mai duba maganin da likita ya rubuta, mai buga takarda, mai tura wa mutane saƙon ranar dawowa. Kowace safiya, da kuma duk lokacin da wuta ta ɗauke janareto ya karɓa, sassan nan sukan tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nemo kayan aikinsa. A wannan gaɓa ce abu yakan ci tura. Wani sashen ya nemi na'urarsa ya tarar an cire ta, wani ya buɗe fayil ɗinsa ya tarar ya lalace. To, idan sashe ya kasa tashi, a ci gaba ba tare da shi ba, ko a tsayar da komai? A kan wannan tambaya Injiniya ta ƙarar da ƙuruciyarta.

Lokacin da ta fara aiki, manhajar ba ta san ƙarami da babba ba. Abu kaɗan ya taɓu, sai ta ƙi tashi ɗungurungum, ta cika allo da rubutun da ba mai ganewa. Tsofaffin ma'aikata har yau suna ba da labarin ranar da wata mai shara ta zare wayar na'urar buga takarda don ta jona injin goge ƙasa, ta manta ba ta mayar ba. Washegari asibiti ya tsaya cik har hantsi. Da aka gano dalili, sai aka kira baiwar Allahn nan ofis, ta durƙusa tana ba da haƙuri, ana maganar a sallame ta. Injiniya, wadda a lokacin ko shekara ba ta cika a wurin ba, ta nemi izinin magana. Ta ce matar ba ta yi abin kora ba, domin asibitin da wayar na'ura ɗaya za ta durƙusar da shi, laifin yana wuyan waɗanda suka rubuta manhajarsa, kuma tunda yanzu manhajar a hannunta take, ita ce za a tambaya. Mai sharar ta ci gaba da aikinta har ta yi ritaya. 'Yarta ce take aiki a ɗakin wanki yanzu, kuma ko daga nesa ta hango Injiniya sai ta rusuna ta ce, "Mama, ina kwana."

Daga wannan rana ta ɗauki littafi mai layi biyu ta shiga zagaye. Ba ta zauna a ɗaki ta yanke hukunci da kanta ba. Ta je ɗakin gwaji, ta je ɗakin magani, ta zauna da nas-nas a lokacin hutunsu, ta tsaya bayan masu yankan kati tana kallon yadda suke aiki. Ko'ina tambayarta ɗaya ce: idan wannan abin bai tashi ba yau, wa zai cutu, kuma zai san ya cutu? Abin da aka ce mata ana iya lallaɓawa ba shi, ta rubuta shi a layin da ta kira tuntuɓe. Abin da rashinsa zai sa na'ura ta ba da amsar ƙarya ba wanda ya sani, ta sa shi a layin da ta kira karaya. Wata takwas ta yi tana sake rubuta tashin manhajar. Bayan ta gama, idan na'urar buga takarda ta ɓace ko saƙon waya ya ƙi fita, manhaja takan rubuta abin a rahoto, ta sa ɗan ratsi ruwan ɗorawa a saman allo, ta ci gaba da aiki tana sake gwadawa bayan 'yan mintuna. Idan kuwa karaya ce, sai ta tsaya cak, allo ya yi ja, ta faɗi abin da ya ɓace da wanda za a kira, cikin harshen da kowa zai fahimta. Ta kuma dage sai da aka ajiye littafin ƙa'idar magani da takardun rubutawa da hannu a kowane sashe, ana sabunta su duk wata, saboda ranar da allo zai yi ja.

Ba wai ba ta taɓa kuskure ba. Da farko ta sa agogon na'ura a layin tuntuɓe, tana ganin agogo ba ya kashe kowa. Wata rana ya tashi da saɓanin awa uku, sakamakon gwajin safe ya fito da lokacin da ya sa wani likita ya ɗauka tsohon sakamako ne, ya tura mara lafiya a sake ɗibar jini. Ba wanda ya san tushen abin sai ita. A taron mako, kafin kowa ya ce uffan, ta miƙe ta ce ita ce ta yi wa agogo ƙaramin kallo, ta gyara, kuma ta je ta ba wa mutumin da aka soka allura sau biyu haƙuri. Shugabar nas-nas ta ce a duk shekarunta na aiki, ranar ce ta fara ganin wani ya kai ƙarar kansa.

Ke ce mai raba ƙura da gobara, Injiniya. Ba ki taɓa tsayar da asibiti a kan abin da bai kai ba, ba ki kuma taɓa rufe ido a kan abin da ya kai ba.

Babbar jarrabawarta ta zo shekara shida da suka wuce. An kawo sabon shugaban asibiti, mutum mai zafin nama da son a ga aiki yana gudu, shi kuma ya kawo wani kamfani don a sabunta manhajar. Wakilin kamfanin ya duba aikinta ya yaba, amma ya ce tsayawar nan tsohon yayi ce. A taron da aka yi, ya nuna yadda za su naɗe tashin manhajar gaba ɗaya da tarko guda, wanda zai kama kowace irin matsala, ƙarama da babba, ya haɗiye ta a ci gaba. Ya yi alkawarin cewa ba za a sake ganin jan allo a asibitin ba. Shugaban ya ji daɗi, har ya fara tafi.

Injiniya ta bari suka gama. Sannan ta ce ta yarda da kusan duk abin da suka kawo, kuma wasu sassan nasu sun fi nata kyau. Amma akwai abubuwa uku da ba za ta sa hannu a haɗiye matsalarsu ba: rumbun bayanan marasa lafiya, agogo, da jadawalin ƙa'idar magani.

"Ranka ya daɗe," ta ce da shugaban, "na'urar da ta ƙi tashi kowa ya san ba ta aiki, sai a ɗauki biro. Wadda ta tashi da rabin hankalinta ita nake tsoro, don kowa zai yarda da ita."

An yi ta ja-in-ja har aka kira sallar azahar. A ƙarshe shugaban ya bar mata ukun nata, ransa a ɓace, ya ce duk ranar da asibiti ya tsaya saboda su, ita za ta amsa. Daga wannan taro wasu suka laƙaba mata suna Birki, kuma ba da yabo suke faɗa ba. Da ta ba maigidanta labari, wanda bakanike ne da ya shekara talatin a ƙarƙashin motoci, sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mai mota ya zo gareji ya ce a cire masa birki don yana rage masa gudu ba, amma tunda masu ilimi ne, wataƙila sun san abin da bai sani ba.

Wata huɗu ba abin da ya faru. Sai wata ranar Lahadi da yamma, ana cikin saukar da sabon jadawalin magani, wuta ta ɗauke, janareto ya yi jinkirin karɓa. Ba wanda ya lura jadawalin ya yanke, domin manhaja ba ta ɗaukar sabon jadawali sai a tashin safiya. Litinin da safe, ranar da asibiti ya fi cika, Injiniya ta buɗe ƙofar ƙarfe ta tarar allo ja wur. Saƙon ya ce jadawalin magani bai cika ba: bayanin da ke saman fayil ɗin ya nuna layi dubu huɗu da ɗari uku ne, amma dubu biyu da ɗari tara kawai aka samu. Ta ajiye fulas ɗinta ba ta ko buɗe shi ba. Ta kira ɗakin magani da shugabar nas-nas ta ce a fito da takardu da littattafai, yau da hannu za a fara. Sannan ta shiga nemo kwafin jadawalin da aka ajiye ranar Juma'a.

Kafin ƙarfe takwas layi ya fita daga zaure ya kai bakin ƙofar shiga. Mata da goyo suna zaune a kan matakala, tsofaffi suna fifita da katinsu, masu yankan kati suna rubutu da hannu gumi yana zuba. Takwas da kwata shugaban ya turo ƙofar ɗakin sanyi, waya a kunne, wakilin kamfani yana kan layi. Wakilin ya ce akwai hanyar tsallake binciken, layi ɗaya za a sauya, cikin minti biyu komai zai tashi, a gyara jadawalin daga baya. Shugaban ya miƙa mata wayar. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya, ta mayar da wayar.

"Ki tayar da ita, Injiniya. Umarni nake ba ki."

"Ranka ya daɗe, ban san abin da ya ɓace a cikin jadawalin nan ba tukuna. Ka ba ni awa biyu. In kuwa dole sai an tsallake, ga kujerar, amma ba da hannuna ba."

Ya dube ta, ya dubi kujerar. Bai zauna ba. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe, kuma kafin ƙarfe tara masinja ya kawo mata takardar tuhuma, a ba da amsa cikin kwana biyu. Ta sa hannu ta karɓa, ta ɗora ta a kan kwamfuta, ta ci gaba da aiki. Daga baya ta gaya wa maigidanta cewa tana jin hayaniyar zaure ta cikin bango, kowane kukan yaro kamar da ita yake. Ta san idan abin da ya ɓace ba wani abin kirki ba ne, to ta wahalar da ɗaruruwan mutane a banza, kuma aikinta ya ƙare ke nan. Duk da haka ba ta yi gaggawa ba. Kwafin farko da ta ɗauko ta ƙi amincewa da shi sai da ta ƙirga layukansa, ta gwada shi a wata kwamfuta dabam. Ƙarfe tara da minti arba'in allo ya koma fari.

Sai a lokacin ta jera fayil ɗin da ya yanke kusa da cikakken, ta ga abin da ya ɓace. Ƙarshen jadawalin ne, inda aka rubuta iyakar maganin yara gwargwadon nauyinsu. Da an tsallake binciken, manhaja za ta tashi lafiya lau, ta nemi iyakar maganin yaro ba ta samu ba, ta ɗauka ba iyaka, ta sa wa kowace takarda koren maki, alamar komai daidai ne. Ta buga shafukan biyu, ta kai wa shugabar ɗakin magani, ta koma ɗakinta. Ba ta je ofishin shugaba ba.

Shugabar ɗakin magani ce ta ƙarasa labarin. A cikin takardun da aka rubuta da hannu a wannan safiya akwai ta wata yarinya 'yar shekara huɗu da aka kwantar da zazzaɓi mai zafi. Likitan da ya rubuta ta ya gaji, ya sa ɗigon lamba a inda bai kamata ba, maganin ya ninka sau goma. Saboda ba na'ura, mai haɗa magani ya buɗe littafi ya duba da idonsa, ya ga abin, ya mayar da takardar aka gyara. Da aka tambaye shi ko da zai duba littafi in ya ga koren maki a allo, sai ya ce gaskiya a ranar Litinin irin wannan, da layi har ƙofa, ba zai duba ba. Shugabar ta ɗauki takardar yarinyar da shafukan Injiniya ta shiga ofishin shugaba ba sallama, ta ajiye masa a kan tebur.

Injiniya ba ta san an yi haka ba. Ta koma gida da la'asar da takardar tuhuma a jaka, ta zauna a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba. Babbar 'yarta, wadda ta zo da jikoki wuni, ta kawo mata ruwa ta ce, "Umma, lafiya kuwa?" Ta ce lafiya, aiki ne. Maigidan ya karanta takardar, ya ninke, ya ce idan suka kore ta ga gareji nan, yana neman wanda zai riƙa hana shi sakin motar da bai gama ba. Ta yi murmushi, amma abinci bai shiga ba.

Washegari da ta iso, ta tarar da shugaban tsaye a bakin ƙofar ƙarfe, ya riga ta zuwa. Ya tambaye ta ko ta rubuta amsar. Ta ce ta rubuta. Ya ce ta ba shi takardar tasa tukuna. Ya karɓa, ya yaga ta biyu, ya sa a aljihu.

"Ina da 'ya mai shekara huɗu," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Ki nuna mini littafin nan naki mai layi biyu."

Sun yi awa guda a cikin sanyin nan, shi ba rigar sanyi, yana tambaya tana amsawa. A makon ya rubuta wa kamfanin cewa ba a taɓa abubuwa ukun nan sai da sa hannunta. Ita kuma ba ta ɗauki nasarar ta zauna a kai ba. Ta kira wakilin kamfanin suka gyara hanyar saukar da jadawali, yadda sabon ba zai maye gurbin tsohon ba sai ya sauka cikakke. Tun daga ranar allon bai sake yin ja a kan magani ba. Sunan Birki ya bi ta har yau, amma yanzu da girmamawa ake faɗarsa.

Ke ce kika tsaya ke kaɗai a ɗaki mai sanyi, shugaba a kanki, jama'a a bayan bango, kika ce a jira. Ke ce kika yarda a zage ki na awa uku don kada a yi kukan da ba ya ƙarewa. Jaruma marar kirari, mai aikin da in ya yi kyau ba wanda zai san an yi shi.

A makon jiya, ana shirin walimar sallamarta, shugabar ɗakin magani ta zo mata da shawara. Yarinyar nan yanzu shekararta goma, tana zuwa da mahaifiyarta ganin likitan ido. Ta ce me zai hana a gayyace su, a gaya wa uwar abin da ya faru, ta san wadda za ta yi wa godiya. Injiniya ta girgiza kai.

"Haba, Yaya," ta ce. "Ki bar baiwar Allah ta yi barcinta. Kada ki tayar mata da hankali a kan abin da bai faru ba."

Tunda ta hana uwar yarinyar ta gode mata, mu bari mu gode a madadinta. Mun gode, Injiniya, a madadin wannan uwa da sauran iyayen da ba za su taɓa jin labarinki ba, da likitan da kika rufa wa asiri, da ma'aikatan da suka yi shekaru suna dogara da allo ba su san wa ke tsaronsa ba. Masu rubuta manhaja da ke tasowa, ku je ku zauna da ita kafin ta tattara kayanta. Ku koyi fita daga ɗaki ku tambayi masu aiki wa zai cutu. Kada ku tsayar da jama'a a kan ƙaramin abu, kada kuma ku binne babban abu don allo ya yi kyau a idon shugaba. Ku kuma shugabanni, idan Allah ya ba ku ma'aikacin da zai iya duban idonku ya ce bai tabbata ba tukuna, ku riƙe shi hannu bibbiyu.

Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya raya miki zuriya, ya kare ki daga abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, kamar yadda kika zama sanadin kare bayinsa.